Imperiet: Tarihin Ƙungiyar da Ta Taso Daga Unguwar Rågsved

A ƙarshen watan Nuwamba na 2025 aka cika shekara 40 da wani taron kiɗa da har yau mutanen Suwidin ba su gaji da zancensa ba. Ranakun 29 da 30 ga Nuwamba, 1985, manyan mawaƙan ƙasar suka hallara a zauren Scandinavium na birnin Göteborg domin tara wa ƙungiyar ANC ta Afirka ta Kudu gudummawa. A lokacin Nelson Mandela ya haura shekara 23 a tsare, gwamnatin wariyar launin fata kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan ƙasar. Firaministan Suwidin, Olof Palme, da kansa ya halarta. Dattawan mawaƙa sun hau dandamali sun sauka, kowa ya yi bakin ƙoƙarinsa. Amma idan ka tambayi wanda ya ga taron abin da ya fi tsaya masa a rai, sau da yawa sunan da zai fara ambata shi ne Imperiet, da waƙar da suka rera mai suna “Fred”, wato zaman lafiya.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Daga 1983 zuwa 1988 ne iyakar zamaninta. A cikin waɗannan shekaru biyar ta yi abin da ƙungiyoyi da yawa suka shekara talatin suna nema bai samu ba: ta ɗauki kiɗan zamani mai kaushi da aka aro daga Ingila, ta ɗora masa harshen gida, ta kuma ɗaura shi da tsofaffin waƙoƙin ƙasarta har ya zama nasu na kansu. Saboda wannan nake ganin tarihinta ya cancanci a ba da shi tun daga tushe.

Tushen kuwa yana Rågsved, wata unguwa a kudancin Stockholm da aka gina a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da hukumomi ke rige-rigen samar wa ma'aikata matsuguni. Dogayen benaye ne na siminti, da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da 'yan shaguna a tsakiya. Bayanta ne aka shiga babban shirin gina gidaje miliyan ɗaya tsakanin 1965 da 1974, wanda ya cika gefen biranen ƙasar da irin waɗannan unguwanni. Gidajen ba su da laifi. Akwai ruwa, akwai wuta, akwai ɗumi lokacin hunturu. Abin da masu zanen suka manta shi ne yaran da za su girma a ciki, waɗanda idan an tashi daga makaranta ba su da wurin zuwa sai bakin tasha. Zaman banza ya yi yawa, ƙwaya ta shigo, sunan unguwar ya ɓaci a jaridu. A maƙwabciyar unguwa, Högdalen, Joakim Thåström ya girma. An haife shi ranar 20 ga Maris, 1957, abokansa kuma suna kiransa Pimme.

Fagen kiɗan Suwidin na shekarun 1970 ya rabu gida biyu. Ga ABBA a gefe guda, waɗanda suka ci gasar Eurovision a Brighton a 1974, suna waƙa da Turanci duniya tana saye. Ga kuma harkar da ake kira progg, ta mawaƙa masu ra'ayin gurguzu da suka ƙi jinin kasuwanci da waƙa, suka kafa kamfanonin faifai nasu irin su MNW da Silence, suka dage sai da harshen gida za su rera. Hoola Bandoola Band da Nationalteatern da Blå Tåget duk 'yan wannan gida ne. Da aka kawo gasar Eurovision Stockholm a 1975, sai suka shirya nasu bikin daban don nuna adawa. Sun yi aiki mai kyau, amma zuwa 1977 harkar ta fara gajiya, waƙoƙin sun soma kama da lacca. Yaron Rågsved bai ga kansa a ƙyalƙyalin ABBA ba, bai kuma ga kansa a tarukan ɗaliban jami'a ba.

Sai salon pank ya iso daga Landan. A 1977 The Clash suka yi wasa a Stockholm, Sex Pistols ma suka zaga ƙasar a watan Yuli. Darasin da matasa suka ɗauka mai sauƙi ne: ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandamali, in dai kana da abin faɗa. A ƙarshen wannan shekara Thåström da abokansa biyu, Gunnar Ljungstedt da ake kira Gurra, mai ganguna, da Lennart Eriksson da ake kira Fjodor, mai jitar bes, suka haɗa ƙungiya. Da farko sun sa mata suna The Haters, ba da jimawa ba suka sauya zuwa Ebba Grön. Wannan suna kalmar sirri ce da 'yan sanda suka yi amfani da ita a 1977 wajen kama Norbert Kröcher, Bajamushen da ya shirya sace tsohuwar minista Anna-Greta Leijon. Labarin ya cika jaridu, samarin suka tsinci sunan a can.

Waɗannan mutum uku su ne kakannin Imperiet, kuma ya kamata a tsaya a kansu. Ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, ba su yi makarantar kiɗa ba. Faifansu na farko, “Antirock”, a 1978 ya fito, da kuɗin aljihu da taimakon abokai. Sun shiga ƙungiyar matasan unguwa mai suna Oasen, wadda ta yi ta fafatawa da hukumomi a kan a ba yara ɗakin da za su yi kiɗa, su taru ba tare da an kore su ba. Duk wanda ya saurari waƙoƙinsu na wannan lokaci zai ji fushi, wani lokaci har ya wuce gona da iri, akwai ma kalaman da ba zan kare ba. Sai dai fushin 'yan shekara ashirin ne da suka ga an gina musu gidaje an manta da su, kuma ba su daɗe a wannan mataki ba. Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a Stockholm, Mistlur, ya ɗauke su, ya fitar da kundinsu na farko a 1979. Sunan kundin da Turanci yake, “We're Only in It for the Drugs”, martani ga masu cewa 'yan pank ba su san komai ba sai shaye-shaye, amma waƙoƙin ciki da harshen Suwidin aka rera su, irin wanda ake ji a bakin tasha.

A 1980 suka yi wani abu da ya nuna inda za su dosa. Suka ɗauko wata waƙar Blå Tåget ta 1972, doguwa mai tafiyar hawainiya, wadda ke bayanin yadda gwamnati da masu jari ke cin tuwo a kwano ɗaya, suka ƙara mata wuta suka fitar da ita da sunan “Staten och kapitalet”. Waƙar ta zama ta kowa. 'Yan pank na Ingila suna alfahari da cewa sun rushe duk abin da ya gabace su. Samarin Rågsved ba su bi wannan ba. Sun duba rumbun magabata sun ga akwai hatsi, suka ɗiba. Wannan ɗabi'a ita ce za ta zama ƙashin bayan Imperiet.

Kundi na biyu, “Kärlek & uppror”, wato soyayya da tawaye, ya fito a 1981, na uku kuma mai ɗauke da sunan ƙungiyar a 1982. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Suwidin tana zaune tsakanin ɓangarorin biyu ba ta shiga kowanne ba, amma tsoro bai bar ta ba. A watan Oktoba na 1981 wani jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet ya maƙale a kan duwatsu kusa da sansanin sojan ruwa na Karlskrona, ƙasa ta ɗauki ɗumi. Waƙarsu “800°” a kan yaƙin nukiliya take. “Die Mauer” kuma labarin masoyi ne da katangar Berlin ta raba shi da abar ƙaunarsa. A nan ne aka fara jin Thåström a matsayin marubuci, mai iya shigar da babbar siyasar duniya cikin zuciyar mutum ɗaya. A wannan tsakani mutum na huɗu ya shigo, Anders Sjöholm, wanda aka fi sani da Stry Terrarie. Daga kudancin ƙasar ya fito, inda ya yi waƙa a Kriminella Gitarrer, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin pank na farko a Suwidin. Shi ya kawo kibod cikin kiɗan, ya kuma kawo wata irin zuciya mai son gwaji.

Tun 1981 Thåström da Gurra da Stry suka buɗe wata 'yar ƙungiya ta gefe mai suna Rymdimperiet, daular sararin samaniya, inda suke gwada abin da bai dace da rigar Ebba Grön ba. Sun fitar da ƙananan faya-faye, ba wanda ya ɗauka abin zai yi nisa. Sai ƙaddara ta gifta. A wancan zamani aikin soja wajibi ne a kan kowane saurayi a Suwidin, wanda ya ƙi baki ɗaya kuma kurkuku ce makomarsa. Fjodor ya ƙi, aka ɗaure shi. Mutumin da ya yi shekaru yana rera ƙin yaƙi a dandamali, da aka zo gwaji bai janye ba, ina kuma ganin wannan abin girmamawa ne. Ebba Grön ba ta sake tashi ba, a 1983 aka rufe babinta. Masoya sun yi baƙin ciki, wasu sun ce an watsar da su a daidai lokacin da ƙungiyar ta kai ƙololuwa. Amma wanda ya saurari kundin 1982 da kunnen basira ya san rigar ta riga ta yi musu kaɗan.

A shekarar ce aka gajarta sunan Rymdimperiet ya koma Imperiet, aka ƙara mutum biyu: Christian Falk a kan bes, da Per Hägglund mai busa saksofon da kaɗa kibod. Wannan ita ce kafuwar.

Salon da suka shiga shi ne wanda ake kira bayan-pank, kiɗan da ya biyo bayan guguwar farko. A Ingila ya soma wajen 1978, a hannun ƙungiyoyi irin su Public Image Ltd, da Joy Division na Manchester, da Gang of Four na Leeds. Pank gudu ne da ihu, minti biyu an gama. Masu bayan-pank sun riƙe zafin amma sun rage gudun. Suka ba jitar bes jagoranci, suka bar sarari a cikin kiɗan, suka shigo da na'urorin haɗa sauti, suka ari kaɗan daga rege da fank da kiɗan rawa. Kalmomin ma suka juya daga zagin hukuma kai tsaye zuwa kaɗaici da tsoro da rayuwar birni da dare. A Suwidin akwai masu wannan tafiya da dama: Reeperbahn na Olle Ljungström, Cortex na Freddie Wadling a Göteborg, Commando M. Pigg, Tant Strul, da Brända Barn daga Sundsvall. Kowannensu yana da nasa ƙwazo. Abin da Imperiet ta fi su da shi shi ne jama'ar da ta gada daga Ebba Grön, da murya irin ta Thåström, da kuma Falk.

Ba a cika ba Christian Falk haƙƙinsa ba idan ana wannan labari. An haife shi a 1962, bai wuce shekara 21 ba da ya shigo, kunnensa kuma yana wajen kiɗan baƙaƙen Amurka, sol da fank. Shi ya sa bes ɗin Imperiet take rausaya, take jan ƙafa zuwa rawa ko da kalmomin suna zancen mutuwa. Hägglund kuma ya zuba saksofon mai kuka a bisa. A tsakiya ga Thåström, dogo siriri, yana riƙe da makirufo jikinsa na karkarwa, muryarsa a dushe, yana jan kalma har sai ta kusa tsinkewa. Ba mai yawan magana da 'yan jarida ba ne, har yau ma haka yake. Abin da zai faɗa a dandamali yake faɗarsa.

Kundinsu na farko, “Rasera”, ya fito a 1983 a Mistlur, ɗauke da “Alltid rött alltid rätt”. Har yanzu ana jin ƙurar pank a jikinsa, ana kuma jin mawaƙa biyu suna raba aiki, domin Stry ma yana rubutu yana rerawa. A 1984 suka fitar da wani gajeren kundi, a shekarar ce kuma aka ji “Du ska va president”, waƙar da ke yi wa masu haɗamar mulki da ɗaukaka shaguɓe. Daga nan Stry ya kama gabansa, ya je ya kafa Babylon Blues. Marubuta biyu masu ƙarfin hali ba kasafai suke daɗewa a inuwa ɗaya ba, rabuwar kuma ta ba kowannensu fili. Peter Puders, gwanin jita da aka sani tun a ƙungiyar TT-Reuter, ya yi wani ɗan lokaci tare da su.

Shekarar 1985 ita ce shekararsu. A cikinta “Blå himlen blues” ya fito, kundin da a ganina ba su yi wanda ya fi shi ba. Yana buɗewa da “C.C. Cowboys”, sannan ya ratsa ta mashaya da titunan dare da mutanen da rayuwa ta tauna ta zubar. A ciki akwai “Holländskt porslin”, mai sanyi da taushi, wadda ba wanda zai yi zaton tsofaffin 'yan Oasen ne suka yi ta. Akwai “Surabaya Johnny”, waƙar da Bertolt Brecht da Kurt Weill suka yi wa wasan kwaikwayonsu na 1929 a Berlin, kukan macen da matuƙin jirgin ruwa ya yaudara. Namiji ɗan pank ya tsaya ya rera kukan mace da harshen Suwidin, bai mai da shi abin dariya ba, ya ba shi dukkan zuciyarsa. Sai “Fred” a ƙarshe. Mikael Wiehe ne ya rubuta ta, Hoola Bandoola Band suka fitar da ita a 1971, a farkon zamanin progg. Tambayar da take yi ita ce ko zaman lafiyar da ake kira da shi ya cancanci sunansa idan an gina shi a kan danne wasu. Imperiet suka sake mata tufafi, suka sa mata bes mai nauyi da bugu mai tafiyar soja, tsohuwar waƙa ta dawo sabuwa fil a kunnen yaran da ba su san ta ba.

Ba su tsaya nan ba. Suka koma baya shekara kusan ɗari biyu suka ɗauko Carl Michael Bellman, mawaƙin Stockholm da ya rayu daga 1740 zuwa 1795. Bellman ya yi waƙar mashaya da matalauta da matan banza da makaɗan da suka tsiyace, da harshe mai daɗi da ban tausayi, littafinsa “Fredmans epistlar” kuma a 1790 aka buga shi. Wanda yake son ya kimanta matsayinsa a can, ya tuna yadda Bahaushe ke tashi da waƙoƙin Mamman Shata a baki ba tare da ya zauna koyonsu ba. Ta 81 a littafin, “Märk hur vår skugga”, waƙar jana'iza ce, ana tsaye a bakin kabarin wata mata. Kafin Imperiet, dattawa ne ke rera ta da jita ɗaya, irin su Cornelis Vreeswijk. Thåström ya rera ta a hankali, da muryar nan tasa mai tsatsa, kiɗan yana tafe a bayansa da nauyi. Matasan da suka ɗauki Bellman a matsayin aikin makaranta suka ji ashe maganarsu yake yi. Malaman adabi sun yi shekaru suna neman yadda za su kai shi ga yaran unguwannin siminti, ƙungiyar rok ta kai shi cikin 'yan mintoci. A wurina wannan ne babban aikin Imperiet, ko da ba su yi komai ba bayansa.

A shekarar dai suka fitar da faifan wasan da suka yi a gaban jama'a, suka sa masa sunan ranar da aka ɗauke shi, “2:a augusti 1985”. Gurra, wanda ya riƙe ganguna tun ranar farko, ya sauka, Fred Asp ya hau kujerarsa. Haka suka isa Göteborg a watan Nuwamba.

Taron bai faɗo daga sama ba. Tun farkon shekarun 1970 gwamnatin Suwidin take ba ANC taimako kai tsaye, a lokacin da manyan ƙasashen Yamma ke kallonta a matsayin ƙungiyar 'yan ta'adda. Oliver Tambo, shugabanta da ke gudun hijira, aminin Palme ne. Mikael Wiehe da Tomas Ledin ne suka jagoranci shirya taron, abin da ya haɗa 'yan progg da mawaƙan kasuwa a dandamali ɗaya bayan shekaru suna harara. Imperiet ita ce gadar da ke tsakani: 'yan tawaye ne, amma faya-fayensu na sayuwa. Suka rera waƙar Wiehe a taron da Wiehe ya shirya, kalmomin da aka rubuta zamanin yaƙin Vietnam suka dace da Soweto ba tare da an sauya musu komai ba. Wata uku bayan haka, ranar 21 ga Fabrairu, 1986, Palme ya yi jawabi mai zafi a kan wariyar launin fata a wani taro a Stockholm, Tambo yana wurin. Mako ɗaya tsakani, daren 28 ga wata, aka harbe Palme a titin Sveavägen yana dawowa daga silima da matarsa. Da aka saki Mandela a 1990, Suwidin ce ƙasa ta farko da ya ziyarta a wajen Afirka, inda ya je duba Tambo da ke jinya.

Kundin “Synd”, wato zunubi, a wannan shekara ta makoki ya fito, 1986. Sautinsa ya fi na baya faɗi, an shigo da kayan kiɗa masu tsirkiya, kalmomin kuma cike suke da hotunan Littafi Mai Tsarki da laifi da hukunci. “Österns röda ros” da “Saker som hon gör” suna ciki, “Var e vargen” ma ta wannan shekara ce. Ni dai idan na saurare shi ina jin ƙasar da ta wayi gari ta gane ba ta da kariyar da take zato. A wannan lokaci babu ƙungiyar rok da ta kai su girma a Suwidin, kuma duk wannan a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin da ya ɗauke su tun suna yara. Stefan Glaumann, wanda ya yi aikin sauti da su a Mistlur, daga baya shi ne ya riƙa tace wa Rammstein na Jamus kundayensu.

Shekaru biyun ƙarshe ba sa bukatar dogon bayani. Ƙasa ce mai mutum miliyan takwas da 'yan kai, wanda ya cika zaurukanta sau biyu sau uku dole ya fara leƙen waje. Suka juya wasu waƙoƙinsu zuwa Turanci, suka fitar da kundi don kasuwar duniya a 1988. Bai karɓu ba. Ba na ɗaukar wannan a matsayin gazawa, domin ƙarfin Thåström yana cikin yadda yake tauna kalmomin harshensa, abin da ba ya ƙetare fassara, kuma duk mai sana'a yana da haƙƙin ya gwada iyakarsa. Hägglund ya riga ya tafi. Kundin “Tiger” ya fito a 1988, a ƙarshen shekarar suka sallami juna, aka rufe da faifai mai haɗe da wasan dandamali da na sutudiyo. Sun tashi tun jama'a ba su gaji da su ba.

Thåström ya fitar da kundinsa na kansa a 1989, wani a 1991, sannan ya koma Amsterdam ya kafa ƙungiyar Peace, Love & Pitbulls, inda ya yi shekaru yana kiɗan ƙarafa da Turanci. A 1999 ya dawo harshen gida, tun daga nan kuma bai sake barinsa ba. Kundinsa na 2005, “Skebokvarnsv. 209”, adireshin gidan da ya girma ne a Högdalen, a ciki har da waƙa mai suna “The Haters”, wadda ke waiwayen samarin nan uku. Ya ci gaba da fitar da aiki har zuwa “Somliga av oss” a 2024, yana ɗan shekara 67. Ebba Grön ta sake haɗuwa na ɗan lokaci a 2003 don karrama Joe Strummer na The Clash da ya rasu. Falk kuwa ya bi kunnensa zuwa kiɗan rawa, ya zama ɗaya daga cikin manyan furodusoshin ƙasar. Kundinsa “Quel Bordel” ya fito a 1999, ya kuma yi “Dream On” da Robyn da Ola Salo. Ya rasu a watan Yuli na 2014 yana da shekara 52.

Zuriyarsu tana nan. A Norwe akwai ƙungiyar da ta ɗauki sunanta daga waƙarsu, CC Cowboys, tana rera rok da harshen ƙasarta. Kent na Eskilstuna, waɗanda suka gaji kujerar babbar ƙungiyar rok ta Suwidin daga tsakiyar shekarun 1990 har suka tashi a 2016, sun bi sawun har da tuntuɓen: sun juya kundayensu biyu, “Isola” da “Hagnesta Hill”, zuwa Turanci, abin bai yi armashi ba, suka dawo gida suka ƙara girma. Sabbin masu bayan-pank irin su Makthaverskan na Göteborg da Viagra Boys na Stockholm da Turanci suke yi, duniya kuma ta san su fiye da yadda ta taɓa sanin Imperiet. Ina yi musu murna, sai dai filin da suke noma wasu ne suka share shi.

Yau Suwidin ta shahara da fitar da waƙa zuwa ƙetare. Max Martin yana rubuta wa taurarin Amurka, Spotify a Stockholm aka kafa shi, matashin da ya fara kaɗa jita a can yana jin cewa sai da Turanci za a saurare shi. A irin wannan yanayi ne tarihin Imperiet ya fi amfani, domin hujja ce a aikace cewa ana iya zama na zamani sosai ba tare da an yar da harshen uwa ba, ana iya tawaye kuma a girmama magabata. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu ba da tarihin bayan-pank daga Manchester da Leeds da Landan suke farawa, a can kuma suke tsayawa, kamar sauran Turai 'yan kallo ne. Faya-fayen Imperiet suna intanet, kowa na iya saurara, kuma wanda zai fara ya fara da “Blå himlen blues”, ya bi da “Synd”, sannan ya koma “Rasera” ya ji inda aka taso. Abin da ya rage shi ne kalmomin. Suna bukatar masu fassara da suka san waƙa, zuwa harsuna da yawa har da namu, kuma aikin ya kamata ya fara da waƙar jana'izar Bellman da ta Wiehe.